Kuluwa da Igiyar Alhakin Nomau

A ƙarƙashin gulbin da ya ratsa Tungar Bauna akwai wata hanya, a ƙarshen hanyar kuma akwai wata ruga wadda ba shanu ake kiwo a cikinta ba. Alhakin mutane ake kiwo. Duk wanda ya zalunci wani a doron ƙasa, a ranar ake haifar masa dabba a rugar nan, aljanu su ɗaure ta a turke, tana ci tana girma, har ranar da za a kwance ta ta tafi neman mai ita. Mutum ɗaya ce daga garin ta taɓa zuwa ta gani da idonta, wata tsohuwa mai bandar kifi, ana ce mata Kuluwa.

'Ya ɗaya Allah ya bar wa Kuluwa, sunanta Hakama. Ran wata kasuwar tsallake Hakama ta ajiye jaririyarta Ladingo a wurin uwar, ta ɗauki kwandon kifi, ta shiga jirgin Nomau, mai jiragen fito na garin. Kowa ya san jirgin nan ya ruɓe. Shi ma ya sani, don da hannunsa ya cusa tsumma a tsagar da safen nan, ya shafe da kwalta. Ya loda buhuna, ya loda mata a kan buhunan, ya loda awaki a kan cinyoyin matan, har ruwa yana lasar bakin jirgi. Shi kuwa bai shiga ba, gaɓa ya tsaya yana sakace. Ana kaiwa tsakiyar gulbi jirgi ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa.

Aka ce ƙaddara ce. Manyan gari suka faɗa, ƙanana suka maimaita. Nomau ya zo gaisuwa da farar riga, a bayansa ana ɗauke da buhun shinkafa, kowane gidan makoki buhu guda. A Tungar Bauna kuwa ba a mayar da hatsin gaisuwar mutuwa, ko daga hannun wa ya fito. Wanda ya mayar, sai a ce ya hana mamacinsa sadaka. Saboda haka Kuluwa ta dafa shinkafar nan ran sadakar uku, gari ya taru ya ci, ya suɗe hannu. Ita ko ƙwaya ba ta sa a bakinta ba. Amma jaririya tana ta tsala kukan nono, babu nono. Sai ta niƙa ragowar ta dama kunu, tana ɗiga mata da ɗan yatsa, har yarinya ta rayu.

Daga nan duk wanda ya gamu da Kuluwa sai ya ce ta bar shi, alhaki zai kama shi. To, ta jira. Nomau ya yi tumbi. Ta jira. Ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya gina bene, ko mura ba ta kama shi ba. Ita kuwa kullum da hantsi sai ta gangara bakin gulbi ta tsaya tana Allah ya isa, tana kiran sunansa da na ubansa, har masunta suka daina juyowa.

Wata rana tana cikin haka sai ruwa ya naɗe gefe guda kamar ana naɗe tabarma. Wata mace ta fito, gashinta har dunduniya, idanunta ba sa ƙiftawa, irin na kifi.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ni ce Jakadiyar Ƙarƙashin Ruwa. Uwargijiyata ta aiko ni in tambaye ki, me muka yi miki da kika hana mu sakat shekara da shekaru?"

Kuluwa ta ce, "Ku kuka haɗiye mini 'ya."

"Abin da aka jefo mana muka karɓa. Wanda ya jefo yana can kan bene."

"To ina alhakin da ake ta cika mini kunne da shi? Ko ya karye a hanya ne?"

Jakadiya ta gaya mata labarin rugar, ta ce in tana so ta je ta gano da kanta, ga hanya, amma sai ta biya ladan fito. Kuluwa ta kwance bakin zane. Jakadiya ta ce su ba sa karɓar abin da ake ɗaurewa a zane. Muryar Hakama suke so, wadda Kuluwa take ji a kunnenta kullum tana cewa Inna. Tsohuwa ta dafe kunnenta da tafi. Ba ta da hoton 'yar nan, ba ta da kabarinta, muryar ce kaɗai ta rage mata. Amma ta tuna da haƙorin zinariya, sai ta miƙa kunne. Jakadiya ta sa farce ta zaro wani abu siriri kamar zaren gizo-gizo, ta naɗe a yatsa. Cikin kan Kuluwa ya yi tsit kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ladingo, wadda lokacin ta fara tasawa, tana gidan wata maƙwabciya. Kuluwa ta ce a ranta kafin la'asar ta dawo. Ta taka ta shiga, ruwa ya rufe a bayanta.

Ta yi ta tafiya a cikin wani haske kore, har ta iso wani daji wanda itatuwansa duk siffar mutane gare su, kawuna a sunkuye, hannuwa a harɗe. Ganyayen suna motsi suna magana da murya mai sanyi, irin ta masu zuwa gaisuwa: yi haƙuri, Kuluwa, yi haƙuri. Ta lura wani mutum da ke gabanta ya tsaya ya ce to, nan take yatsun ƙafarsa suka yi saiwa suka shige ƙasa, ɓawo ya hau ƙaurinsa. Ita ma ta ji ƙafafunta sun yi nauyi, ta ji daɗin nauyin ma, kamar barci bayan wahala. Sai ta daka wa dajin tsawa ta ce haƙurin ya ci uwarsa, wa ya taɓa ce wa Nomau ya yi haƙuri ya rage kaya? Ta yi ta zagi tana tafiya, tana fizge ƙafa daga ƙasa, har ta fita daga dajin da tafin ƙafa duk jini.

Bayan dajin ta tarar da wani gari wanda mutanensa ba su da aiki sai wanke hannu. Daga sarkinsu har kuturunsu suna tsugune a bakin wani tafki suna cuɗa tafi, fata ta saluɓe, ƙashi ya fito, ba su daina ba. Suka yi mata maraba da fara'a, suka ce ta zo ta ci abinci. Ta tambaye su me suka taɓa haka da ba ya fita. Suka ce su ba su taɓa komai ba, suna wurin ne kawai lokacin da abin ya faru. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ga kamar ta san fuskokin, ta tofar da yawu ta wuce ba ta ci ba.

Sai ga wani kogi baƙi ƙirin, ba a hango tsallakensa. A gaɓa akwai jirgi maƙare da fasinjoji marasa fuska, ruwa yana lasar bakinsa. Mai fiton, wani dogon aljani mai kan ungulu, ya rusuna ya ce, "Shigo, uwata, akwai wuri. Kullum akwai wurin mutum ɗaya."

Kuluwa ta ce, "Na san mai irin wannan magana. Kai ma a gaɓa za ka tsaya?"

Aljani ya yi dariya, ya ce ba wata hanya sai jirgin. Ta ɗaure zanenta tamau, ta toshe hanci, ta shiga kogin da ƙafa. Ruwa ya shanye ta. Ta yi ta lalube a ƙasan kogi, wasu hannuwa masu sanyi suna shafar idon sawunta, ba ta tsaya ta duba ko akwai na 'yarta ba, don ta san in ta duba ba za ta ƙara gaba ba. Da ta ɓullo a ɗaya gaɓar, gashinta ya yi fari fat. Jirgin kuwa yana can tsakiya yana nutsewa, mai kan ungulu yana tsaye a inda ta bar shi.

A ƙofar ruga ta tarar da jama'a zaune a gindin wata katuwar bishiya, mutanen ƙasashe iri-iri. A wurin nan kowa da harshensa yake magana, kowa kuma yana jin kowa. Wani tsoho ɗan ƙasar Hindu, mai farin toka a goshi, ya matsa mata ta zauna. Da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya ce su a wurinsu karma suke kiran abin, wato aiki, don kowane aiki yana da 'ya'yan da zai haifa wa mai shi. Sai dai ba lallai ne a wannan rayuwa ba, yana iya jira sai an sake haihuwar mutum a wani jiki.

Kuluwa ta ce, "Wane jiki kuma? Mu mutuwa ɗaya muka sani, sai tashin ƙiyama. Kuma ko da haka ne, Malam, in ya dawo jaki, in je in doki jakin da bai san hawa ba bai san sauka ba? Nomau nake so, da tumbinsa, yana ganina ina ganinsa."

Wata mata mai aski ƙwal, ta yafa zane ruwan toka, daga wata ƙasa can gabas da ta tsohon, ta sa baki a hankali. Ta ce a koyarwar da ta bi, niyya ce iri, aiki kuma abin da ya tsiro. Wanda ya san jirgi ya ruɓe ya loda, ya riga ya shuka, ba mai tone masa. Amma ta ce Kuluwa ta kula, wutar da take ɗauke da ita a ƙirji ita ma niyya ce, ita ma tana tsirowa.

Kuluwa ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, kin taɓa haihuwa?"

Matar ta ce ta taɓa, kuma abin da ya kawo ta ke nan tun farko. Ta zo da niyyar shiga, ta zauna a gindin bishiyar nan tana tunani, har yau ba ta shiga ba. Kuluwa ta ce to ta ci gaba da tunani. Ta tashi ta buga ƙyaure da dutse.

Ƙyaure ya buɗe. Ga fili iya ganin ido, turaku jere, kowane turke da dabbarsa. Wasu ƙanana kamar ɓera, na wanda ya tauye mudu ko ya yi ƙaramar ƙarya. Wasu kamar rumbu. Ba mai ido a cikinsu, sai hanci, suna ta shaƙar iska. Ardon rugar ya taso, aljani mai tsawon giginya, da malafa da sanda a kafaɗa.

Ya ce, "Ya ke wadda ta ratsa Dajin Haƙuri ba ta yi saiwa ba, faɗi buƙatarki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, alhakin Nomau mai jirage na zo ɗauka. Kun bar shi yana ƙiba a nan, mai shi yana ƙiba a can."

"Ba mu kwance dabba sai lokacinta, lokacin kuwa ba a hannunmu yake ba. Amma wanda aka zalunta yana da ikon ya ja ta da hannunsa, in ya gane ta a cikin garke."

Kuluwa ta shiga tsakanin turaku. Ba ta duba girma ba, ba ta duba ƙaho ba, hanci ta bi, irin na mai banda. Can ta jiyo warin kwalta da jiƙaƙƙen tsumma. Ta tarar da wata dabba kamar bijimi amma ta fi ɗaki, baƙa, ruwa yana tsiyaya daga jikinta ba ya ƙarewa, numfashinta kamar na mai shaƙewa. A ƙahonta na hagu akwai ɗankwalin Hakama. Kuluwa ta dafa turken, ta ce wannan ce.

Ardo ya kwance igiya, amma bai miƙa ba tukuna. Ya ce, "Ji sharaɗi, ya 'yar Adam, don ba a maimaitawa. Dabbar nan makauniya ce, ba ta san fuska ba, ba ta san suna ba. Wari take bi: warin hannun da ya yi aikin, da na duk abin da ya fita daga hannun nan saboda aikin. Inda ta sami warin, sai ta cika ƙirjin mai shi da ruwa ko yana kan tudu. Muddin igiya tana hannunki ba ta taɓa kowa, ke kuma mutuwa ba ta ɗaukar ki. Kin saki, ba mai sake kamawa. Kin fita da ita, ba a dawo mana da ita. Ko kina da abin da za ki tuna kafin ki karɓa?"

Kuluwa ta ce ba abin da take tunawa sai haƙorin zinariya. Ta fizge igiya.

Komowa ta fi zuwa wuya. Dabbar ba ta sauri, taku ɗaya sai ta tsaya ta shaƙi iska. Kuluwa ta ja ta ta ƙasan baƙin kogi, ta ja ta ta garin masu wanke hannu, waɗanda suka watse da gudu da suka jiyo ta, ta ja ta ta cikin dajin, wanda wannan karon ko ganye bai motsa ba. Igiya ta ci tafin hannunta har ta yi wa kanta kwari a ciki. Bayanta ya ranƙwafa, haƙoranta suka zube ɗaya bayan ɗaya a hanya.

Da ruwa ya naɗe ta fito, rana tana tsaka. Ba ta gane mashigar ba. Jirage masu inji ne jere a gaɓa, an rubuta musu suna da fenti. Ba mai ganin dabbar sai ita. Abin da mutane suka gani, wata tsohuwa tukuf ta fito daga ruwa da hannu a dunƙule. Ta tare wata mai tallan fura ta tambaye ta ina Nomau. Matar ta ce wane Nomau, Alhaji marigayi? Ai ya daɗe da rasuwa. Ran Juma'a ya cika, a kan gadonsa, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi, ba a taɓa ganin jana'iza mai jama'a irin tasa ba. Jiragen nan ma na 'ya'yansa ne.

Kuluwa ta juya ta bar mashigar. Ta ja dabbar har maƙabarta, aka nuna mata kabarin. Ta ce mata ga shi nan, tone shi, shaƙe shi ko a ƙasa ne. Dabbar ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa. Ƙasa ta riga ta cinye hannun, shari'arsa ta koma inda ba a shiga da igiya. Sai ta ɗaga kai, ta buɗe hanci wajen gari, jikinta ya ɗauki rawa. Wannan dabba da aka yi ta ja kamar dutse, ita ce yanzu take jan Kuluwa.

Ta ja ta ta bakin kasuwa, tana karkata wajen wani tsoho mai gyaran taru, tana karkata wajen wata mai ƙosai, duk waɗanda suka ci sadakar uku. Amma ba ta tsaya ba, akwai inda warin ya fi ƙarfi. Ta miƙe har wani gida mai dangar kara, inda wata mace take tsugune tana wa ɗanta wanka a kwano. Macen ta ɗago. Fuskar Hakama ce sak, har 'yar wushiryar. Ladingo ce ta girma.

A nan Kuluwa ta tuna da buhun. Ta tuna da dutsen niƙa, da ɗan yatsanta a bakin jaririya. Sauran gari cin yini ɗaya suka yi wa shinkafar Nomau. Ladingo da ita aka gina mata ƙashi da tsoka. A duk mutanen Tungar Bauna na wancan zamani mutum ɗaya ce ba ta da warin nan a jiki, ita ce mai riƙe da igiya.

Hancin dabbar ya kusa taɓa ƙirjin Ladingo, har ta fara tari tana dafe wuya. Kuluwa ta naɗe igiya a damtse, ta kafa dunduniya a ƙasa, ta ja da baya da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Taku-taku ta janye ta daga gidan, ta bi da ita ta bayan gari, har gindin wata tsamiya a bakin gulbi. Ta gwada ɗaure ta a jikin tsamiyar, igiya ta ratsa itacen kamar hayaƙi. Ta kira Jakadiya har muryarta ta dushe, ruwa bai naɗe ba.

Tana nan har yau. Ladingo ta gane kakarta daga baya, ta yi kuka, ta yi roƙo ta koma gida, tsohuwa ta ƙi. Kullum sai ta kawo mata tuwo, kullum kuma tun daga nesa Kuluwa take tsayar da ita, don dabbar tana miƙewa da ta jiyo ta.

"Kaka, ki buɗe hannun nan ko sau ɗaya in shafa miki man kaɗe. Ba komai a ciki."

"Ajiye kwanon a can ki koma. Na ce ki koma, mai kunnen ƙashi."

"Har yanzu fushi kike da Alhaji? Mutumin da ya zama ƙasa?"

"Ban yafe ba. Ko an tashe ni gaban Ubangiji haka zan faɗa. Matsa baya."

In Ladingo ta juya takan ce, sai gobe, Inna, don haka take kiranta wani lokaci. Kuluwa takan kasa kunne ta ji ko haka muryar Hakama take. Ba ta sani ba. Ta ba da abin da za ta gwada da shi.

Jiragen 'ya'yan Nomau suna wucewa ta gabanta ran kasuwa, buhuna a ƙasa, mata a kan buhuna, ruwa yana lasar baki. Tana daka musu tsawa su rage kaya, fasinjoji suna dariya suna ɗaga mata hannu, wani ya ce a yi haƙuri, Iya. Ita kuwa sai ta ƙara naɗe igiya a damtse.

Labarin ya tsaya a nan, ba don ya ƙare ba. Wanda ya bi ta Tungar Bauna ya ga tsohuwa a gindin tsamiya da hannu a dunƙule, ya wuce abinsa. Kada ya ce mata ta yi haƙuri, kada kuma ya ce alhaki zai kama wani. Ta san inda alhakin yake.